Baƙin kare a hoto: me ya sa Duna ke fitowa kamar buhun gawayi?

Auwal Rigachikun: Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin hoto ku taimaka min. Muna da kare a gonarmu, sunansa Duna, baƙi ne wuluk, shekararsa 11. Yayana ne ya raine shi tun yana ɗan kwikwiyo, yanzu aiki ya kai shi Fatakwal, kullum sai ya ce in turo masa hoton Duna. Jiya na ɗauka ya fi sau 30, babu na kirki ko ɗaya. Ba ido, ba hanci, kamar an jingine buhun gawayi a kan yashi. Wayata Tecno ce. Wayar ce matsalar ko ni ne? Tsufa ya kama shi, har furfura ta fito masa a haɓa, ina so mu samu hoto ɗaya mai kyau kafin ta Allah ta kasance.

Sani Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Ƙarfe nawa ka ɗauka, kuma a ina ya tsaya?

Auwal Rigachikun: Bayan azahar ne, wajen ƙarfe 2. A filin da muke shanya masara.

Sani Mai Hoto: To ƙanena, ga ɓarawonka nan. Ka kai baƙin kare kan farin fili a tsakar rana, me kake so waya ta yi? Ita kyamara ba ta san kare ba, haske kawai take aunawa. Ta duba ta ga yashi ya cika hoton yana walƙiya, sai ta rage haske don kada yashin ya ƙone. Da ta rage, wanda dama baƙi ne sai ya nutse gaba ɗaya. Idonka yana iya ganin yashin da gashin karen a lokaci guda, kyamara ba ta kai nan ba. Ga kuma rana a tsakiyar ka, inuwar goshinsa ta rufe idanun, dole ka ga rami biyu. Ka bari sai la'asar sakaliya.

KB Kyamara: Malam Sani, mu faɗa wa yaro gaskiya. Waya waya ce. Baƙin kare yana cikin abin da ya fi wuyar ɗauka, in ba ka da kayan aiki wahala kawai za ka sha. Tun 2019 Sony ta saka wa kyamarorinta irin su a7 III saitin da ke gane idon dabba da kansa, Canon ma ta zo da nata a R5 da R6 a 2020. Kare yana gudu kyamara tana bin ƙwayar idonsa. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Anti Bilki: KB, kai fa kowace cuta aka kawo maka maganinta sayen kyamara ne. Yaro ya ce maka hoto ɗaya yake so ya tura wa yayansa, kana lissafa masa kayan da kuɗinsu ya kai na fili. Kuma kare mai shekara 11 ina zai gudu da har za a bi idonsa?

KB Kyamara: Anti ai ban ce ya saya ba, na ce ya san iyakar abin da ke hannunsa.

Anti Bilki: To bari in ba ka labari. Shekarata 9 ina hoton biki, da tsohuwar Canon 600D na fara, da lens 50 ɗin nan da kowa ke yabo, wato gilashin gaban kyamara, mai buɗewa sosai har f/1.8. Wata rana na fita da ita tsakar rana, na buɗe ta har ƙarshe don baya ya dusashe. Komai ya fito fari fat. Shotar 600D, wato ƙiftawar idon kyamarar, saurinta bai wuce 1/4000 na daƙiƙa ba, alhali ranarmu ta nan, in an buɗe lens haka, tana neman kusan 1/8000. Kyamarar ta yi iyakar ƙoƙarinta rana ta fi ƙarfinta. Ka ga ba kuɗi ne ya gaza ba, lokaci ne ban iya zaɓa ba. Da wannan kyamarar dai, da yamma, na yi hotunan da har yau ake kirana saboda su.

Malam Nasiru: Ni tambayata daban ce. Mu da muke Musulmi, har ta kai mu zauna muna muhawara kan yi wa kare hoto? Wannan ba ɗabi'ar Turawa ba ce?

Auwal Rigachikun: Malam, ba a ɗaki yake kwana ba. Gona yake gadi, shi ya hana a kwashe mana awaki sau biyu.

Ustaz Bashir: Malam Nasiru, a yi sassauci. Hadisi ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona, kuma haka Risala ta kawo, wadda duk muka karanta a zaure. A mazhabarmu ta Malikiyya ma jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 idan ya yi lallage a ciki umarni ne da ake bi don bauta. Masu sharhi sun kawo cewa shi kansa mai Risalar, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka yi masa magana ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Karen Auwal na gona ne, babu ja a kansa. Hukuncin hoto kuma zance ne mai tsawo da malamai suka saɓa, kuma duk wanda ke cikin wannan zaure ai hoto ne ya tara mu.

Malam Nasiru: Na ji, Ustaz. Ni dai abin da nake gudu shi ne a wayi gari ana sa musu riga ana rungumarsu.

Shugaban Zaure: An fahimci juna. A koma kan haske don Allah.

Sani Mai Hoto: Yawwa. Auwal, ka saurara, zan yi maka dalla-dalla tunda waya ce a hannunka.

Yanzu muna Disamba, a wajenku rana tana faɗuwa 6 da 'yan mintuna. Amma kada ka jira 6. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya ranarmu a miƙe take sauka, ba ta jan jiki kamar ta Turai, shi ya sa wannan jan hasken mai taushi ba ya daɗewa. Ga hazo kuma, wani lokaci yana haɗiye ranar tun tana sama da bishiyoyi. Ka kasance a gonar tun 4 da rabi, aikinka tsakanin 5 ne da 6 saura kwata. In da safe ne, daga fitowar rana zuwa kafin hantsi ya ɗaga.

Ka raba shi da farin fili. Ka nema masa bayan da ba fari ba kuma ba baƙi ba: jar katanga, tarin karan dawa, busasshiyar ciyawa, ko ganyen mangwaro daga nesa. Kuma kada ya manne da abin, a samu taku 10 ko fi tsakaninsu.

Sai babban abin. Ka taɓa fuskarsa a kan allon wayar, za ka ga wata 'yar alamar rana ta fito a gefe. Ja ta sama kaɗan har ka fara ganin silin gashinsa. Kaɗan na ce, in ka zarce zai koma ruwan toka kamar jaki. Baƙin gashi ba a ganinsa sai ta ƙyallinsa, don haka ka sa hasken ya zo masa daga gefe, ba daga bayanka kai tsaye ba. Daga gefe ne za ka ga kafaɗa, ka ga haƙarƙari, ka ga furfurar nan da kake faɗa.

Hafsat Zariya: Malam Sani, ni kuwa cewa aka yi kullum rana ta kasance a bayan mai ɗauka.

Sani Mai Hoto: Tsohuwar ƙa'ida ce, ba ƙarya ba ce, amma tana daddaɗe abu ya zama kamar an liƙa shi a bango. Ga mutum ma tana sa shi runtse ido. Akwai ma na uku, wato ka sa ranar a bayan karen, sai ta zana masa farin zare a gefen kunnuwa da gadon baya. Yana kyau ƙwarai a baƙar dabba, sai dai waya tana shan wuya da shi. Auwal ya fara da na gefe.

KB Kyamara: Ka ga ni, kai ma ka dawo kan maganata. Waya tana shan wuya.

Sani Mai Hoto: A abu ɗaya cikin uku, KB.

Ɗan Tawa: Sallama gare ku mutanen Najeriya. Ni nan Tawa nike, ina bin zancenku tun ɗazu. Mu nan muna da karnukan Buzaye, waɗanda Turawa ke kira Azawak da sunan yankin da sunka fito, wajen Abalak da Cintabaraden har cikin Mali. Dogayen ƙafafu, ciki a ɗame, kamar barewa. Tun shekarun 1970 Turawa sunka fara kai su ƙasashensu, yanzu har gasar kyau ake kai su. In ya zabura shina kusa da kilomita 60 a awa. Na sha gwada ɗaukarsu da salula, abin da ni kan samu ƙura ce da wutsiya. To KB na da gaskiya wajen gudu. Amma foton da ya fi min kyau, kare ne kwance bakin tanti da sassafe, bai ko motsa ba. Abin da na lura, in ka tsaya tsaye ka ɗauke shi daga sama, dogayen ƙafafun nan duk sai su gajarce, ya koma kamar karen kasuwa. Sai na kwanta rub da ciki kan rairayi, Buzayen na ta yi mani dariya, sannan ya fito da girmanshi.

Anti Bilki: Ɗan Tawa ya faɗi abin da na fi so a ji. Durƙusa! Yawancin hotunan dabba da ake turowa zauren nan daga tsaye ake ɗaukarsu, kai babba, jiki ƙarami, ƙasa ta cika ko'ina. Ka sauko da wayar daidai idonsa. In kana ƙyashin wandonka, ka juya wayar kai ƙasa yadda idon kyamarar zai kusa taɓa ƙasa.

Kuma kada ka kai masa wayar har hanci. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, duk abin da ya matso ta sai ta kumbura shi, hancin ya zama kamar tulu kunnuwa su gudu baya. Ja da baya taku 3 ko 4. In wayarka tana da 2x ka danna shi, amma kada ka yi ta jan zum da yatsu, hoton zai farfashe. Wancan saitin da ke dusashe baya da kansa kuwa, ni ban yarda da shi a kan dabba ba, yana cinye gefen kunne da gashin baki.

Hafsat Zariya: To ba sai ya kunna filasha ba tunda karen baƙi ne?

Dakta Rahila Jos: Hafsat, ya bar filasha. A can bayan idon kare akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ke taimaka masa gani da dare, shi ne kuma ke sa idonsa ya yi kore in fitilar mota ta haske shi. Filashar waya tana dab da idon kyamara, don haka hasken zai shiga ya dawo kai tsaye, ka samu kare mai idon aljani.

Tunda na shigo, bari in faɗi nawa na likitar dabbobi. Na ji daɗi da aka ce a bar tsakar rana, ba don hoto kaɗai ba. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi, ga baƙin gashi yana shan rana, ga tsufa. In ka ɗora bayan hannunka a ƙasa ka kasa jurewa, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. Ka tafi da ruwa. Ka duba tsakanin yatsunsa, lokacin ƙarangiya da tsidau ne, kare mai ƙaya a ƙafa ba zai zauna maka ba. Kuma in za ka lallashe shi da abin ci, ban da tsire ko kilishi mai yaji, albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini. Tsokar nama dafaffiya ba gishiri, a yanka ƙanana, ta isa.

Auwal Rigachikun: Dakta na gode. Ashe mun daɗe muna cutarsa da ragowar tsire.

Dakta Rahila Jos: A daina daga yau. Allurar haukan kare fa, yaushe rabonsa da ita? Ana haɗa ta a nan Vom, kusa da Jos, kuma asibitocin dabbobi na gwamnati suna yi wa karnuka. Ina faɗa ne saboda masu karantawa da za su je su durƙusa a gaban karen da ba nasu ba. Kada a kai fuska kusa da karen da ba a sani ba. In tsautsayi ya sa ya yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, ba sai an ga alama ba.

Auwal Rigachikun: An yi masa da damina.

Iliya Ɗan Maharbi: Na karanta wa babana zancenku, shi maharbi ne, ya fi shekara 40 yana fita da karnuka. Ya yi dariya ya ce ku duk kuna maganar rana ba wanda ya yi maganar kare. Ga saƙonsa. Ya ce kare ba ya son a ƙura masa ido, a wurinsu neman faɗa ne, shi ya sa in ka nuna masa waya yake kawar da kai yana lasar baki ko hamma. Ya ce kada ka yi ta kiran sunansa, in ka kira zai taso ya zo wurinka, hoto ya ɓaci. Sauti ake yi masa wanda bai saba ji ba, ɗan fito a hankali, ko ka tsotsi bayan hannunka ya yi kukan ɓera. Kunnuwa za su miƙe, ya karkata kai. Amma sau 2 ko 3 kawai yake ci, daga nan ya gane wayonka. Don haka kada ka yi sautin sai ka gama saita komai. Ya ce kuma a je kafin a ba shi abincin yamma, ƙoshasshen kare barci kawai ya sani.

Sani Mai Hoto: Iliya, ka gaida Baba, ka ce masa ranka ya daɗe mun karɓi gyara. Shekara 20 ina wannan sana'a ban san na tsotsar hannu ba. Auwal, ka haɗa da wannan: lokacin da ka yi sautin kada ka ɗauki guda ɗaya, ka sa wayar ta yi ta ɗauka a jere, cikin 15 za ka samu ɗaya da ido yake buɗe kunne a tsaye.

KB Kyamara: Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce a fita cikin hazon nan. Ƙura tana kashe launi, komai ya koma fari-fari. Ya jira damina, ganye ya yi kore, sama ta wanke.

Sani Mai Hoto: A nan kam mun raba hanya. Hazo marar yawa alheri ne ga mai baƙar dabba. Kamar an shimfiɗa farin mayafi ne tsakaninka da rana, inuwa ta yi laushi, bambancin wuri mai haske da mai duhu ya ragu, abin da ya fi ƙarfin wayar tun farko ke nan. Masu situdiyo kuɗi suke sawa su sayi abin da ke yi musu haka.

Anti Bilki: Ku duka kuna da rabo. Hazo kaɗan yana gyara, ranar da ya yi kauri har jirgi ya kasa sauka Kano kuwa, a zauna a gida. Amma KB, ka ce kare mai shekara 11 ya jira damina? Wa ya ba ka tabbacin watan Yuni? Auwal, abu biyu na hunturu: ka goge idon kyamarar da gefen riga mai laushi kafin ka fara, rabin dusashewar da mutane ke ɗora wa hazo maiƙon yatsa ne da ƙura. Sannan ka shafe karen da ɗanyen tsumma, baƙin gashin da ya sha ƙura ba ya ƙyalli.

Hafsat Zariya: In rana ta yi yawa ba sai a shiga inuwar darbejiya ba?

Anti Bilki: Darbejiya a hunturu ganyenta ya yi shara-shara, rana tana ɗigowa ta tsakani, karen ya fito dabbare-dabbare kamar damisa. Inuwar mangwaro ko ta tsamiya ta fi, ko ta katanga. Kuma a bakin inuwar za a ajiye shi yana kallon fili, ba can ciki ba, don sama ta faɗa cikin idonsa. Wannan ɗan ɗigon haske a ƙwayar ido shi ne ran hoton baƙin kare. In babu shi, ko da me ka ɗauka, gawayi ne.

Auwal Rigachikun: Jama'a na dawo, kwana 3 ke nan. Ranar farko na makara, kafin in gama goge shi hazo ya shanye rana. Jiya na je 5 saura, na kai shi gaban tarin karan dawa, na kwanta a ƙasa har ƙanena yana tambaya ko lafiya. Ya ƙi zama, sai da na gaji na ƙyale shi, ya je da kansa ya kwanta ya miƙe ƙafafun gaba ya ɗora haɓa a kai. Na tsotsi hannu kamar yadda Baba ya ce, ya ɗago. Na ɗauki 40 da wani abu, 3 ne suka yi. Ga wanda ya fi.

Anti Bilki: Masha Allah! Ga ido, ga furfura. Ka yanke masa wutsiya dai a gefen dama, gobe ka bar masa wuri.

KB Kyamara: Ba laifi. Ƙafar baya ta ɗan dusashe, da kyamara ce...

Sani Mai Hoto: KB, ka bar yaro ya sha ruwa.

Ɗan Tawa: Wallahi ya yi. Ka ga yadda ya fito da girmanshi da ka kwanta?

Malam Nasiru: Ni ma na gani. Tsohon yana da kwarjini, ba zan ɓoye ba.

Auwal Rigachikun: Na tura wa Yaya ta WhatsApp, ya kira ni ya ce bai san Duna ya tsufa haka ba, ya yi shiru ya daɗe. Amma ya ce da ya buɗe shi a kwamfuta ya ga ya ɗan farfashe, alhali a wayata garau yake.

Sani Mai Hoto: WhatsApp ne ya matse shi. Sake tura masa a matsayin fayil, ba ta wurin hotuna ba, zai je masa yadda yake. Kuma ka ajiye asalin a wani wuri ban da wayar. In za ku wanke shi a kati, ka ce wa mai wankin kada ya ƙara masa duhu, na san halinsu.

Iliya Ɗan Maharbi: Baba ya ce a tambaye ka, kunnen hagun nan da ya tsage, faɗa ya yi da dila ko wayar shinge ce ta yanke shi?

Auwal Rigachikun: Ka ce wa Baba jaki ne ya harbe shi, tun yana shekara 2.